Birnin Mumbai a Idon Baƙuwa

A wannan mako tafiya za mu yi mai nisa, mu ƙetare teku zuwa ƙasar Indiya, mu leƙa babban birninsu na ciniki wanda a ke kira Mumbai.

Kada wata ta ce ina ruwanta da garin da ba za ta taɓa gani ba. A yau mutanenmu da yawa suna zuwa Indiya, waɗansu neman magani, waɗansu karatu, waɗansu fatauci. In kuwa mara lafiya zai tafi, sau da yawa mace a kan ce ta bi shi ta yi jinya. Wa ya sani ko gobe ke ce? An ce baƙo ko da ido makaho ne. To, bari in zama 'yar jagora, in nuna miki abin da za ki fara cin karo da shi.

Mumbai tana bakin teku ne, a gefen yamma na Indiya, kuma ita ce hedkwatar jihar Maharashtra. Iyayenmu da sunan Bombai su ka san ta, sai a 1995 a ka sauya mata suna. Asalinta tsibirai ne guda 7 na masunta. Akwai labari a kan yadda ta shiga hannun Turawan Ingila wanda na san zai ba ku dariya. A 1662 Sarki Charles na Ingila ya auri Katarina, 'yar sarkin Fotugal, sai iyayen amarya su ka haɗa masa da tsibiran nan a cikin gara. Kun ji gara, gari sukutum! Shi kuwa ango bai ga amfaninsu ba, a 1668 ya ba wani kamfanin 'yan kasuwar Ingila hayarsu a kan fam 10 a shekara. Sannu a hankali a ka yi ta zuba ƙasa da duwatsu ana cike ruwan da ke tsakanin tsibiran, har su ka haɗe su ka zama gari ɗaya. A ƙidayar 2011 an sami mutum fiye da miliyan 12 a cikin birnin kansa, in kuwa an haɗa da garuruwan da su ka manne da shi, yau sun haura miliyan 20.

Abin da za ki fara yi in kin sauka daga jirgin sama shi ne gyara agogo, don suna gabanmu da awa 4 da rabi. Sa'ad da ki ke ɗora tukunyar rana a gida, su can la'asar ta yi sanyi. Sa'an nan sai zafi ya tarbe ki. Ba irin namu ne na bazara mai busar da leɓe ba, zafi ne mai laima, kamar kin sunkuya a kan tukunyar dambu. Gumi ba ya bushewa, wanki ma ya kan yi nawa a igiya. Hancinki kuma zai sha aiki: ƙarnin kifi da iskar teku, ƙamshin turaren tsinke, hayaƙin motoci, soyayyar albasa da kayan yaji, duk a lokaci guda.

A kan titi ki yi hattara, don su ta hagu su ke tuƙi, yadda mu ma mu ke yi kafin 1972. In za ki ƙetare sai ki fara duban dama. Ƙarar ham ɗin motoci ba ta yankewa dare da rana, har a bayan manyan motoci a kan rubuta roƙon mai bi ya danna ham. Amma akwai abin da zai sa ki ji kamar a Kano ki ke, watau keken nan mai ƙafa uku da mu ke kira a-daidaita-sahu. Ai daga can a ke kawo mana yawancinsu. Nasu baƙi da rawaya ne, kuma a unguwannin waje kaɗai su ke aiki, ba a yarda su shiga tsohon gari ba.

Garin dogo ne siriri, teku ta matse shi dama da hagu. Manyan ofisoshi da kantuna da yawa suna can kudu, gidajen ma'aikata kuwa suna arewa, mil da yawa. Saboda haka jirgin ƙasa shi ne ƙafar mutanen Mumbai. A nan jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi, ran 16 ga Afrilu 1853, ya yi mil 21 zuwa garin Thane. Mu kuwa sai a 1911 dogo ya iso Kano. Babbar tasharsu, wadda dā a ke kira da sunan Sarauniya Biktoriya, yanzu kuwa da sunan wani sarkinsu na dā, Shivaji, in kin hango ta sai ki rantse fadar sarki ce, don ƙubbobi da sassaƙar dutse.

Mutum wajen miliyan 7 ke shiga jiragen cikin garin kowace rana. Da safe cunkoso ya kan kai har mutane su yi ta lilo a bakin ƙofa, jirgi na gudu. Ba wasa ba ne, don fiye da mutum 2,000 ke rasa ransu kowace shekara a kan hanyar jirgin, waɗansu faɗowa su ke yi, waɗansu garin ƙetare dogo. In jirgi ya tsaya, bai kai minti ɗaya ba ya tashi. Baƙuwa ta bari sai rana ta ɗaga, taro ya ragu.

Amma ga abin da zai faranta miki rai. Kowane jirgi yana da taragai na mata zalla, namijin da ya kuskura ya shiga a kan ci shi tara. Tun 1992 ma akwai jirgi guda cur wanda daga kai har wutsiya mata ne kaɗai a ciki. Taragon mata kuwa kasuwa ce, kuma tsakar gida ce. Masu talla suna ratsawa da 'yan kunne da awarwaro da mataji. Da yamma za ki ga ma'aikaciya ta taso daga ofis, ta shimfiɗa jarida a cinya tana gyaran ganye ko ɓarar wake, don ta san awa guda ko fiye za ta yi kafin ta kai gida, tuwon dare kuwa yana jiranta. Waɗanda su ka saba haɗuwa a tarago ɗaya kullum su kan zama ƙawaye, har su yi wa juna biki da suna. Akwai wata tasha mai suna Matunga wadda tun 2017 ma'aikatanta duka mata ne, daga mai sayar da tikiti har shugabar tasha.

Yanzu ku matso kusa, matan gida, ga abin da ya shafe ku. Maigida ya bar gida tun da sassafe abinci bai nuna ba, jirgi kuma ba wurin riƙe kwano. Shi kuwa ba ya son abincin kasuwa, sai na ɗakin matarsa. Ina dabara? Tun wajen 1890 akwai waɗansu mutane masu farar hula da a ke kira dabbawala, watau masu ɗaukar kwano. Da hantsi ɗayansu ya kan zo ƙofar gida a kan keke, uwargida ta miƙa masa kwanon ƙarfe mai hawa uku ko huɗu: shinkafa a ƙasa, miyar wake a sama, ganye, da gurasa. Ya tattara na unguwa ya kai tasha. Can a ware su bisa ga alamar da a ka zana a murfi, 'yan haruffa da lambobi da launi, masu nuna tashar da za a sauke, da gini, da hawa. A jera su cikin dogayen akwatunan katako a sa a jirgi. A ɗaya tashar waɗansu su karɓa, su sake warewa, su rarraba. Kafin ƙarfe 1 na rana kwano yana gaban mai shi, da la'asar kuma ya biyo hanyar da ya zo ya koma wa uwargida. Kafin annobar 2020 mutum wajen 5,000 ne ke wannan aiki, suna kai kwano wajen 200,000 a rana, da ƙyar a ji an yi musaya, alhali da yawansu ba su yi nisa a makaranta ba. Bayan annobar aikin ya ragu, amma har yanzu ana yi. Sharaɗinsa ɗaya ne: uwargidan da ta makara da girki, mijinta ya wuni da yunwa, don mai keke ba ya jira.

Abin da ya fi kome tsada a Mumbai shi ne wurin kwana. Mu da mu ka saba da zaure da tsakar gida da rumbu, sai mu yi mamaki. Iyali guda, uwa da uba da 'ya'ya har da kaka, su kan zauna a ɗaki ɗaya, nan ne ɗakin girki, nan ne wurin karatun yara, da dare a shimfiɗa katifu, da safe a naɗe. Tukwane a rataye a bango, kome da mazauninsa. A unguwanni da yawa famfo na 'yan awoyi kaɗan ya ke zuwa, mace ta tashi tun asuba ta cika randunanta. Ƙidayar 2011 ta nuna wajen mutum 4 cikin 10 a unguwannin bukkokin kwano su ke zaune. Mafi suna a cikinsu ita ce Dharavi, wadda faɗinta bai kai mil ɗaya murabba'i ba, amma mazaunanta sun tasam ma miliyan. Lungunanta mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace. Duk da haka ba zaman banza a ke yi ba: ga magina tukwane, ga dukawa, ga teloli, ga masu tsince tsofaffin robobi suna narkarwa. Daga nan kuwa tafiyar 'yan mil kaɗan ce zuwa gidan attajirin nan Mukesh Ambani mai hawa 27, na iyali ɗaya tak. Za ki ga masu kwana a gefen titi, da yara masu bara suna ƙwanƙwasa gilashin mota. Baƙuwa mai tausayi ba ta kwana ɗaya a garin nan zuciyarta ba ta sosu ba.

Wanki kuma fa? Kusa da tashar Mahalaxmi akwai wani fili da a ke kira Dobi Gat, wanda a ka gina a 1890, da kwamin siminti ɗaruruwa a jere, kowanne da dutsen bugu. Maza ne ke wankin, gadon gidansu ne. Daga kan gada za ki hango zannuwan gado na asibitoci da masaukai, an shanya su launi launi. Ba su amfani da abin maƙale shanya, igiya biyu su ke murɗawa su cusa gefen tufa a tsakani, iska ba ta iya ɗauka. Wannan dabara kuna iya gwada ta a gida.

In kin shiga kasuwar Crawford, wadda a ka gama a 1869, za ki tarar da tsofaffin sani: tsamiya, kuɓewa, yalo, citta, kanumfari, masoro, barkono, kurkum. Zogale ma suna ci, sai dai su 'ya'yansa dogayen nan su ke yankawa a miya. A watan Afrilu da Mayu kasuwar ta kan cika da wani mangwaro mai suna Alfonso, marar zare, wanda a ke shimfiɗa wa ciyawa a akwati kamar ƙwai. A nan kusa akwai kasuwar yadi da ta maƙeran zinariya. Ciniki sai da tayi, kamar namu. In kin yi tambaya mai kanti ya kaɗa kai gefe da gefe, kada ki ɗauka ya ƙi ne, sau da yawa nufinsa to, ko na ji.

Zanen matansu sari, yadi 6 ne kamar turmin atamfarmu, amma ba a yanka shi, ba a ɗinka shi. A kan naɗa a ƙugu, a yi masa tattara a gaba, a yafa sauran a kafaɗa. Matan masunta, waɗanda su ne ke riƙe da cinikin kifi a bakin teku tun asuba, su kan ɗaura mai yadi 9 su ratsa shi tsakanin ƙafafu don sauƙin aiki. 'Yan mata da yawa riga da wando da gyale su ke sawa. Matar aure ta Hindu ana gane ta da jan gari a tsagar kanta da sarƙa mai baƙaƙen duwatsu a wuya. Su kan soka fararen furanni masu ƙamshi a gashi. Lalle kuwa har sun fi mu son sa, ba a kai amarya sai an zane ta har gwiwar hannu. Sai dai wajen aure al'adarsu ta sha bamban da tamu, don a wurin da yawansu iyayen mace ne ke ba dangin ango dukiya. Hukuma ta haramta wannan tun 1961, amma bai mutu ba, kuma ya jefa iyayen 'ya'ya mata da yawa cikin bashi, ya jawo wa amare da yawa wulakanci.

Abincin titi da ya fi farin jini shi ne wada-paw, dankalin Turawa da a ka dama da yaji, a ka tsoma cikin ƙullun wake a ka soya, a ka cusa a burodi, ɗan'uwan ƙosai da burodi ke nan. Shayinsu da madara da citta a ke dafa shi tare, a zuba a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Da hannun dama su ke cin abinci, kamar mu. Mutane da yawa ba su cin nama sam. Saniya abar girmamawa ce ga Hindu, kuma dokar jihar ta hana yanka ta, don haka kada ki nemi naman shanu, akwai na akuya da kaji da ɓauna. Ruwa kuwa, in ba na kwalba ba ne, sai kin tafasa. Kada kuma ki manta katin allurar shawara tun daga gida, don za a tambaye ki a filin jirgi.

Wajen mutum ɗaya cikin biyar na garin Musulmi ne, za ki ji kiran salla yana haɗuwa da ƙararrawar ɗakin ibadar Hindu da ta majami'a. Akwai masallaci da hubbaren Haji Ali a kan wani dutse cikin teku, wanda a ke dangantawa da shekarar 1431. Siririyar hanya ce ke kai mutum can, in teku ta cika ta kan shafe ta, sai a jira ruwa ya janye. Kowane wurin ibada za ki shiga, nasu ko naki, takalmi a waje.

Daminarsu daga Yuni ce zuwa Satumba, kuma ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, kwana da kwanaki. Ran 26 ga Yuli 2005 an yi inci 37 cikin kwana ɗaya, kusan abin da Kano kan samu a damina guda. Jirage su ka tsaya, mutane su ka kwana a ofis da kan rufin motoci, ɗaruruwa su ka halaka. Mai niyyar zuwa ta zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu in da hali.

Ga labarin da na fi so ku riƙe. A watan Maris 1959 waɗansu matan gida su 7 a unguwar Girgaum su ka ranci rufi 80, su ka hau rufin gidansu su ka murza papad, wata 'yar siririyar waina ta garin wake da masoro wadda a ke shanyawa a rana, in za a ci a gasa ko a soya. Ran farko ƙunshi 4 su ka sayar. Su ka sa wa ƙungiyarsu suna Lijjat. Yau matan da ke cikinta sun wuce 40,000. Da sassafe mace ta karɓo ƙullu, ta murza a ɗakinta tana duban 'ya'yanta, washegari ta kai a auna a biya ta. Ba mai gida ba bara, duk wadda ta shiga tana da rabo a ciki, kuma da 'yar'uwa su ke kiran juna. Ku masu ƙuli-ƙuli da daddawa da taliya, sana'ar cikin gida ai kun riga kun iya. Abin da matan nan su ka ƙara shi ne haɗa kai, da auna kome daidai, da ƙin sayar da abin da bai yi kyau ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe sunan Anandibai Joshi, haifaffiyar Kalyan kusa da Mumbai. An yi mata aure tana da shekara 9, ta haihu tana da 14, jaririn ya rasu cikin 'yan kwanaki don rashin magani. Ta ƙudura sai ta zama likita, don ta ga mata da yawa sun gwammace su mutu da ciwo da namiji ya duba su. Ta tafi Amurka, ta sami shaidar likita a 1886. Tarin fuka ya kashe ta a 1887 ba ta cika 22 ba, amma ta buɗe ƙofa. A 1916 a ka kafa jami'ar mata zalla ta farko a Indiya, wadda hedkwatarta ke Mumbai yanzu. Da safe za ki ga 'yan mata suna fitowa daga lungunan bukkokin nan tsaf da su, kayan makaranta a goge, kitso biyu da jan ƙyalle, kamar ba daga ɗaki ɗaya mai mutum bakwai su ka fito ba.

Na san wata tana jira in zo kan siliman. I, nan ne gidan finafinan Indiya da mutanen Arewa ke kallo tun shekarun 1950. Na farkonsu mai tsawo an yi shi a 1913, kuma maza ne su ka fito a matsayin mata, don a lokacin ba macen da ta yarda. Amma kada ki zaci za ki ga ana rawa a kan titi, ko saurayi na bin budurwa da waƙa a gindin itace. Mutanen Mumbai sauri su ke yi, kowa na tseren kama jirgi.

In rana ta yi sanyi, ki nemi hanyar nan ta bakin teku mai lanƙwasa kamar baka. Nan talaka da mai kuɗi ke zama a kan dakali ɗaya suna shan iska, yara na cin gasasshiyar masara da lemun tsami da barkono. Rana ta faɗa cikin ruwa, fitilu su kama a jere, shi ya sa su ke ce wa wurin sarƙar wuyan sarauniya. Wanda ɗakinsa ya yi masa kaɗan, nan ne tsakar gidansa.

Wadda ta taɓa zuwa Indiya cikinku, jinya ko karatu, ta rubuto mana abin da ta gani, mu buga don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa.